Tasi'u Biliyan da Cinikin Ɗaki Biyu

Wani mutum ne a Kano ana ce masa Alhaji Tasi'u Biliyan. Ba wai ya taɓa riƙe biliyan ɗin ba ne, a'a, bakinsa ne ba ya iya faɗin kuɗin da ya gaza haka. Ko farashin barkono ka tambaye shi, sai ya zaga da kai ta Dubai kafin ya ba ka amsa. Asalinsa dillalin hatsi ne a Dawanau, shekara ashirin yana tsaye tsakanin mai buhu da mai mota. Wata rana ya raka wani ɗan kasuwa banki, aka hau da shi bene, ya sha sanyin ofis, aka ba shi shayi a ƙaramin kofi mai faranti. Shi ke nan fa, Dawanau ta fita daga ransa. Ya je ya buga kati mai ruwan zinariya, aka rubuta masa "Masanin Cinikin Manyan Kamfanoni".

Kullum bayan la'asar yana ƙofar shagon Hashimu Tela, inda majalisarsu take, ya harɗe ƙafa a kan benci yana ba da labari.

"Ni fa da kuke gani, in na yi tari a Kano, hannun jari ne yake faɗuwa a Legas. Kamfani nake kallo daga bakin ƙofa in faɗi kuɗinsa, ko kwabo ba na kuskurewa."

Hashimu bai ko ɗago daga kan kekensa ba ya ce, "To Alhaji, wane kamfani ka taɓa sayarwa?"

"Sirri ne, Hashimu. Manyan ciniki ba a faɗa a bakin titi."

"Au, to. Shi ya sa shekara uku ba mu ji ko ɗaya ba."

Aka bushe da dariya. Tasi'u ya kaɗa hannu ya ce su yi ta yi, rana na nan zuwa.

Ai kuwa ranar ta zo. Akwai wata dattijuwa, Hajiya Gambo Mai Ƙuli, wadda ta fara da tuyar ƙuli-ƙuli a zauren gidansu a Kurna, har Allah ya ɗaga ta ta kafa kamfanin man gyaɗa a Sharaɗa, tankoki suna layi a ƙofa. Tsufa ya zo, gwiwoyi sun ƙi, 'ya'yanta kuma kowa ya kama aikin gabansa. Ta yanke shawarar sayarwa. Wani bankin zuba jari ya samo mata mai saye, Injiniya Rasaƙi, Bayarabe mai kamfanin abinci a Legas. Komai ya tafi daidai sai abu ɗaya. Hajiya ta dubi ma'aikaciyar bankin da ke riƙe da cinikin, Malama Rumasa'u, ta ce ita fa tunda take ba ta taɓa sayar da ko akuya babu dillali ba, kuma ba a kan kamfani za ta fara ba. Ta ce a nemo mata Tasi'u, wanda yake saya mata gyaɗa a Dawanau a da.

Da wayar ta same shi, Tasi'u sai da ya sa aka maimaita masa sau uku. Washegari tun kafin a buɗe banki yana ƙofa.

Malama Rumasa'u ta zaunar da shi, ta ajiye masa wani ɗan allon gilashi a kan tebur, bai fi faifai girma ba.

"Alhaji, yanzu aikinmu ya canza. Wannan na'ura ce mai ƙirƙirarriyar basira. Da, sai mu zuba mutum ashirin su yi wata uku suna tona takardun kamfani kafin mu san darajarsa. Ita a yini ɗaya ta karanta takardun Hajiya na shekara goma sha biyar, ta duba injina, ta duba kasuwa, ta ce kamfanin ya kai miliyan ɗari tara. Ita za ta tsara yarjejeniyar ma. Za ka riƙa tafiya da ita duk inda za a yi magana. Amma ka sani, duk abin da aka faɗa tana ji tana adanawa, kuma Hajiya da Injiniya duk sun sa hannu a kan haka. Ba ta ɓangaren kowa."

Tasi'u yana ta gyaɗa kai, amma fa ba saurare yake ba. Fuskarsa ya hango a cikin gilashin yana gyara zaman hula. Abu biyu kaɗai suka shiga kunnensa: na'urar tana jin Hausa, kuma shi zai riƙe ta.

Da la'asar ya iso majalisa da ita a hammata, yana tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai.

"Ku matsa min. Banki sun rasa yadda za su yi da wannan 'yar aikin, suka ce Alhaji taimaka ka koya mata ciniki. Ke, gaishe da mutane!"

Wata murya mai sanyi ta fito daga allon ta ce, "Assalamu alaikum. Barkanku da yamma."

'Yan majalisa suka zaro ido. Hashimu ya taka birkin keke, ya leƙo ta saman tabarau.

"Kun ji? Jiya-jiya ko gaisuwa ba ta iya ba," in ji Tasi'u.

To, dillali yana da ƙa'idarsa, kuma Tasi'u da ita ya tashi: mai saye da mai sayarwa ba sa zama a tabarma ɗaya sai an sallama. A Dawanau haka yake yi, ya ja wannan bayan buhuna ya yi masa raɗa, ya koma ya ja wancan bayan mota. Malama Rumasa'u ta ce ai a zauna wuri ɗaya ya fi sauƙi. Hajiya ta ce a'a, Tasi'u ya yi gaskiya, haka aka saba. Sai aka ba Hajiya ɗaki a ƙasa saboda gwiwarta, aka kai Injiniya hawa na uku.

Ranar Litinin da hantsi aka buɗe ciniki. Tasi'u ya shiga wajen Hajiya, ya durƙusa ya gaishe ta.

"Uwar ɗakina, nawa za mu buɗe musu da shi?"

"Nawa 'yar na'urar nan ta ce?"

"Miliyan ɗari tara."

"To na yarda. Na ga lissafinta, ba ta cuce ni ba. Sharaɗina ɗaya ne. Matan nan tamanin masu tsince min gyaɗa, kada a kori ko ɗaya. Wasu tun ina zaure nake tare da su."

Tasi'u ya hau sama. Injiniya Rasaƙi ya tarbe shi da fara'a, da Hausarsa tas, don a unguwar Ayagi ta nan Kano aka haife shi.

"Ɗari tara? Mu ma tamu na'urar abin da ta ba mu ke nan. Na saya. Matan kuwa ai don su man ya yi suna, wa zai kore su? Ka gaya wa Mama ta kwantar da hankalinta."

Shi ke nan. Minti goma sha ɗaya, ciniki ya ƙare.

Tasi'u ya fito ya tsaya a tsakiyar matattakala. Wallahi baƙin ciki ne ya kama shi, ba farin ciki ba. Cinikin da ya jira shekara uku, a ce ya ƙare kafin shayi ya huce? Me zai je ya ce wa Hashimu? Kuma la'adar da banki ya yanka masa ba ta taka kara ta karya ba, don an san ba wani jan aiki ne a gabansa ba. Ya zauna a kan matattakalar ya dafe kai. Can sai ya ɗago yana murmushi. Ai su biyun ba wanda ya san abin da ɗayan ya faɗa. Shi kaɗai ya sani.

Ya karkata hula, ya ɓata fuska, ya faɗa ɗakin Hajiya yana huci.

"Innalillahi! Uwar ɗakina, yau na ga rashin kunya."

"Lafiya, Tasi'u?"

"Ɗari shida ya taya. Ɗari shida! Wai injinanki sun girmi Najeriya. Wai man naki ma yana ɗan warin hayaƙi."

Hajiya ta miƙe zumbur, ta manta da gwiwa. "Man nawa? Man Gambo ne yake wari?"

"Zauna, Hajiya, bar ni da shi. Ni ne maganinsa. Amma fa aiki ne ja. In na jawo shi daga ɗari shida zuwa ɗari tara, a ɗan duba ni da kashi ɗaya cikin goma na abin da na ƙaro."

"Na ba ka. Je ka nuna masa 'yar wace ce ni."

Ya fito, kwas kwas kwas, ya haye hawa na uku, ya tura ƙofa yana share goshi.

"Injiniya, tsohuwar nan ta birkice. Ta ce biliyan ɗaya da miliyan ɗari biyu, ko ka koma inda ka fito. Wai mutumin da ya tashi da manja, me ya sani a man gyaɗa?"

Injiniya ya dafe ƙirji. "Ni? Ni da na tashi da ƙuli-ƙulinta a aljihun makaranta? Haba Mama!"

"Ka bar ni da ita, na san lagonta. Sai dai in na sauko da ita ɗari tara, kashi ɗaya cikin goma na abin da na rage maka nawa ne."

Injiniya ya ce ya yarda.

Tasi'u ya dawo matattakala ya yi lissafi da yatsu. Talatin a ƙasa, talatin a sama. Miliyan sittin! Ya ɗan taka rawa a wurin, babbar riga tana kaɗawa. Sai ya ji muryar nan daga hammatarsa.

"Alhaji, gafara dai. Abin da ka gaya wa Hajiya bai yi daidai da abin da Injiniya ya faɗa ba. Shi ma abin da ka gaya masa ba haka ta ce ba. Ina ba ka shawara ka koma ka gyara."

Tasi'u ya zaro ta ya harare ta. "Ke! Yaushe aka ƙera ki? Ina dillanci tun kafin a haifi wanda ya haɗa ki. Wannan shi ake kira ciniki."

"To, Alhaji. Amma in an tambaye ni, abin da na ji zan faɗa."

"Wa zai tambaye ki? Faifai da baki!"

Ya lalubi wajen rage murya ya danne shi har ƙasa, ya mayar da ita hammata. A tunaninsa wanda aka rufe wa baki, kunnensa ma ya toshe.

Kwana uku Tasi'u yana yaƙin da babu shi. Ya shiga ƙasa ya ce ya ƙwato miliyan hamsin da ƙyar. Ya hau sama ya ce ya karya tsohuwa ta sauko da ɗari. Ga abin hawa bene na lantarki yana aiki lafiya lau, amma shi matattakala yake bi don ya iso yana haki. In gumin bai isa ba, ya fasa ledar ruwa ya yayyafa a wuya da ƙirjin riga. Tsakanin ɗaki da ɗaki kuwa, sai ya sulale bayan banki wajen mai gurasa da balangu, ya zauna ya kashe awa guda, don a ce yana can ana fafatawa. Bayan azahar ya miƙe a masallacin ma'aikata, ya yi matashin kai da na'urar ya sha barcinsa.

Malama Rumasa'u ta tare shi a ranar Talata ta ce, "Alhaji, wai me yake jan cinikin nan haka?"

"'Yata, ku 'yan boko ba ku san mutane ba. Lissafi daban, zuciya daban. Ki bar manya su yi aikinsu."

Ita kuma da yake Hajiya ce ta kawo shi, sai ta ƙyale shi.

Inda abin ya daina ba ni dariya shi ne ranar Talatar nan da yamma. Tasi'u ya ga kamar Hajiya ta fara gajiya da jan ciniki, sai ya nemi abin da zai ƙara ɗaure ta. Ya sunkuyar da kai ya ce mata Injiniya ya rantse sai ya kori matan nan tamanin ya kawo inji. Hajiya ba ta yi faɗa ba a wannan karon. Zama ta yi ta yi tagumi, hawaye suna bin fuskarta, tana kiran sunayensu ɗaya bayan ɗaya. Wannan kam mugunta ce, ba dillanci ba. Washegari ya shigo yana washe baki ya ce ya cece su duka, sai da ya kusa cin kwalar Injiniya. Tsohuwa ta yi ta sa masa albarka.

Ranar Laraba ya sanar a ɗakuna biyu cewa da taimakon Allah da ƙarfin bakinsa, an daidaita a ɗari tara. Aka sa sa hannu ranar Alhamis ƙarfe goma na safe. Yana fitowa ya kira Hashimu a waya.

"Tela! Gobe ku zo banki dukanku, ku ga yadda ake rufe ciniki. Na sa su a aljihu, da tsohuwar da Bayaraben. Sun yarda tun ranar farko fa, ni na dinga juya su kamar waina. Kai dai ka zo, kuma ka yi wanka."

Alhamis ta yi. Babban ɗakin taro, dogon tebur, ruwan roba a gaban kowa. Hajiya Gambo a wannan gefe da jikokinta biyu, ta ɗaure fuska tamau. Injiniya a wancan gefe da lauyansa, shi ma ya kawar da kai. 'Yan majalisa su shida a kujerun baya, Hashimu a gaba da sabuwar hula. Sai ga Tasi'u cikin shadda mai ƙarar takarda, turare yana riga shi shigowa.

Malama Rumasa'u ta karɓi na'urar, ta ɗago murya, ta haɗa ta da lasifikar ɗakin don ta karanta yarjejeniya kowa ya ji. Amma kafin a fara, Tasi'u ya miƙe ya ce yana da ɗan jawabi.

"Jama'a, kwana uku ban ci ba ban sha ba. Sau biyu cinikin nan yana mutuwa ina tashinsa. Ku tambayi duk wanda ya san ni, ni ba a kawo min ƙaramin abu. Ita ma wannan 'yar aikin tawa ta yi ƙoƙari, don ta samu malami. Yadda na horar da ita, ba ta mantuwa, ba ta ƙarya. Ko allura ce ta faɗi a gabanta sai ta gaya maka ƙarfe nawa ta faɗi."

Aka ɗan tafa. Malama Rumasa'u ta tura wa Hajiya takarda da biro. Hajiya ta ture su gefe.

"Tsaya tukuna, 'yar nan. A gidanmu ba a sallama kaya sai shaida ya tashi ya faɗi yadda aka faro da yadda aka ƙare, a gaban kowa. Haka na ga ana yi, haka nake yi."

"Ai ga ni, uwar ɗakina," in ji Tasi'u. "Ni ne shaida."

"Kai dillali ne, ba za ka shaidi kanka ba. Ba yanzu ka ce wannan abar ba ta mantuwa ba ta ƙarya ba? Kuma duk inda ka shiga tana hammatarka. Ita za ta yi shaida. Ina so a maimaita a gaban wannan bawan Allah abin da ya faɗa a kan man Gambo, in ga ko zai iya kallon idona."

Injiniya ya juyo. "Ni ma Mama ina so a maimaita zancen manja!"

"Wane manja?" in ji Hajiya.

"Wane mai?" in ji Injiniya.

Tasi'u ya zabura. Ya yi wuf ya kai hannu kan na'urar.

"Ai... cajinta ya ƙare. Tun jiya take kuka da caji."

"Cajin yana kashi tamanin da biyar, Alhaji," in ji Malama Rumasa'u.

"To sabis ne babu. Yau garin nan gaba ɗaya babu sabis."

"Akwai, Alhaji," in ji na'urar, ta lasifika, tangaram. "Idan Hajiya da Injiniya duk sun amince, zan faɗi abin da na ji."

"Na amince!" suka faɗa a tare.

Tasi'u ya koma kujera a hankali, shaddar tana ƙara.

"Ranar Litinin ƙarfe goma da minti huɗu, Hajiya ta yarda da miliyan ɗari tara, da sharaɗin kada a kori mata tamanin. Ƙarfe goma da kwata, Injiniya ya yarda da miliyan ɗari tara, ya ce ba zai kori kowa ba, a gaya wa Mama ta kwantar da hankalinta."

Hajiya ta saki baki. "Ranar Litinin?"

"Ranar Litinin, ranki ya daɗe."

"To ɗari shidan fa? Da warin hayaƙin?"

"Ban ji su a bakin Injiniya ba. A bakin Alhaji na ji su, ƙarfe goma da minti talatin da biyu."

"Manjan fa?" in ji Injiniya.

"Shi ma daga Alhaji ne. Hajiya ba ta ambaci manja ba ko sau ɗaya."

Tasi'u ya yi wata 'yar dariyar yaƙe. "Jama'a, kun san kayan Bature. Hausarta ba ta nuna ba. Dabara ce ta ciniki, ba ta gane..."

"Rufe min baki, Tasi'u," in ji Hajiya. "Ke 'yar nan, ci gaba. Awannin nan da yake cewa yana sama yana fafatawa, ina yake?"

"Ranar Litinin daga sha ɗaya zuwa sha biyu yana wajen mai gurasa. Na ji ya ce a ƙara yaji, kuma a sa masa ta wajen kitse. Ranar Talata ma haka, sai dai ya yi ƙorafin an rage yanka. Daga ƙarfe biyu zuwa uku da rabi kullum ba na jin magana, sai minshari, kusa da ni sosai."

Wani daga cikin 'yan majalisa ya toshe baki da hula. Hashimu kuwa kafaɗunsa ne kawai suke rawa.

"Kwana uku bai ci ba bai sha ba," in ji Hashimu a hankali, amma kowa ya ji.

Na'urar ta ci gaba, ba gaggawa ba tsoro. Ta faɗi kashi ɗaya cikin goma na ƙasa, ta faɗi na sama. Injiniya da Hajiya suka kalli juna, suka kalli Tasi'u. Ta faɗi yadda ta ba shi shawara ya gyara, ya ce mata faifai da baki. Ta kawo wayar ranar Laraba, har da wainar.

"Wannan kam ni ma shaida ne," in ji Hashimu daga baya. "Ni ya kira."

"Hashimu, da kai?"

"Kai ka ce in zo in ga yadda ake rufe ciniki, Alhaji. Ga shi ina gani."

Hajiya ta ɗaga hannu, ɗaki ya yi tsit. Muryarta ta sauko ƙasa.

"Matana fa? Ranar Talata da aka ce za a kore su?"

"Ba a taɓa cewa za a kore su ba, ranki ya daɗe. Suna cikin yarjejeniyar tun ranar Litinin, shafi na huɗu."

Injiniya ya taso ya zagayo tebur ya durƙusa a gabanta. "Mama, wallahi ban taɓa zagin manki ba. Da shi aka yi min girki har na girma."

"Tashi, ɗana. Ni ce zan ba ka haƙuri, kwana uku ina yi maka addu'ar da ba ta dace ba." Ta jawo takarda ta sa hannu. "Na sallama. Allah ya sa albarka."

Aka yi ta tafi. Tasi'u ya ga hankali ya koma can, ya fara jan jiki wajen ƙofa, sannu-sannu, yana tattare shadda kada ta yi ƙara. Ai kuwa ta yi, ƙararas!

"Ina zuwa, Tasi'u? Dawo. Ba a gama da kai ba."

Ya dawo ya tsaya tsuru-tsuru. Sai kuma ƙarfin halin dillali ya motsa masa. Ya gyara murya.

"Uwar ɗakina, na yi kuskure, na yarda. A bar zancen kashi goman. Amma dai ko ba komai ciniki ya faɗa a hannuna. La'adata ta asali tana nan, ai na yi aiki."

"Gaskiya ne," in ji Hajiya. "Ni ban taɓa cin gumin kowa ba, kuma ba zan fara da naka ba. Wanda ya yi aiki a biya shi daidai aikinsa." Ta juya wajen na'urar. "Ke 'yar nan, tsakaninki da Allah. Wa ya duba takardu?"

"Ni ce, ranki ya daɗe, Malama Rumasa'u ta bi bayana ta tabbatar."

"Wa ya faɗi kuɗi?"

"Ni na kawo lissafi, ku kuka yarda."

"Wa ya rubuta yarjejeniya?"

"Ni da lauyoyi."

"To shi Tasi'u, a duk cinikin nan, me ya yi? Kada ki rage masa komai."

Na'urar ta laluba ta nemo abin kirki da za ta faɗa.

"Shi ne yake hawa da ni sama yana saukowa da ni ƙasa, ranki ya daɗe. Sau talatin da ɗaya. Kuma a gaskiya bai taɓa yar da ni ba."

"Au," in ji Hajiya. "Ashe dako ya yi."

Ɗakin ya fashe. Lauyan Injiniya ya kifa kai a tebur, Malama Rumasa'u ta juya baya tana goge ido, 'yan majalisa kuwa wani har ya zamo daga kujera, tim!

Hajiya ba ta yi dariya ba. Ta buɗe jakarta a natse ta ce, "Malam Tela, nawa 'yan dako suke karɓa yanzu a kaya mara nauyi?"

"Ɗari biyar, Hajiya. In da bene ma haka ne."

Ta zaro takardar dubu ɗaya, ta kamo hannun Tasi'u ta danƙa masa, sannan ta buɗe tafin hannunta a gabansa ta tsaya tana jira.

"Ga dubu nan, Alhaji. Ɗari biyar ce dakon, sai ka ba ni canjina."